Younoussa Boukari, Mugun Direban da Ya Ƙi Tuba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa kowa ya nufa, da mai sauri da mai jan ƙafa. Ranar Talata, 20 ga Oktoba, 2009, farkon watan Zulƙida, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Younoussa Boukari a asibiti a nan Sabha, bayan jinyar ciwon ƙirji ta kwana goma sha biyu. Shekarunsa hamsin da shida. Mutumin Damagaram ne, tsohon direban Sahara, ma'aikacin gonar dabino a Zighan. Na san idan na tsaya a nan, rabin masu karanta wannan takarda ba su gane wanda nake nufi ba. To, Dambo Shofer ne ya rasu, mugun direban nan na fina-finanmu, mai jan rawani da haƙorin Makka, wanda ya yi shekara goma yana zubar da fasinjoji a cikin rairayi a gaban idonku, kuna tsine masa, kuna kuma dawowa ku sayi kaset na gaba.

Ni ne Rilwanu, mutumin Kano, mai shagon kaset a unguwar Gurda. Ni nake rubuta labaran, ni nake riƙe kyamara. Fim goma sha ɗaya muka yi da shi, kuma a cikinsu babu ko ɗaya da Dambo ya yi abin kirki. Wannan ba laifin alƙalamina ba ne, zan kuma faɗi yadda aka yi.

Younoussa, bari in juyo gare ka, domin da kai na saba magana. Ka san abin da ya fi damuna tun da muka dawo daga maƙabarta. A duk faɗin Sabha mutum ɗaya ne mai jininka, ɗiyarka Mubina, tana aure a unguwar Abdulkafi, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ba. Shekara bakwai ba ta yi maka magana ba. Da muka kafa rumfar makoki a ƙofar gidana, tambayar da na ƙi yi a fili ita ce: wa zai karɓi gaisuwar mutumin nan? Aboki yana iya wanka, yana iya ɗaukar makara, amma gaisuwar mutuwa ta dangi ce. A ɓangaren mata, matata Sadiƙa ta shimfiɗa tabarmar masu karɓar gaisuwa kamar yadda ake yi, ta ajiye matashi a kai, ba kowa a kanta.

Mun haɗu da kai a 1999, shekarun da ƙasar nan ta juya fuskarta kudu. A lokacin taswirar Afirka tana kan allunan manyan tituna, ana cewa baƙar fata ɗan'uwa ne, ya zo ya yi aiki. Mutanenmu kuwa suka amsa kira. Daga Agadas, daga Dirku, motoci suna shigowa Sabha da mutane a kan kaya, fuska ta yi fari fat, leɓe ya tsage. Waɗansu motocin kuwa ba su iso ba, kuma ba wanda ya rubuta sunayen mutanen ciki. Ni sana'ata a lokacin ɗaukar bidiyon biki da suna. Sai na ce bari in gwada wasan kwaikwayo a kan direban da ke cutar fasinja. Na samo wani tela mai ƙaton wuya na ba shi rawar. Muna gwaji a wani kango a Gurda, yana zare ido yana daka wa mutane tsawa, ina jin daɗi ina cewa ya yi. Kai kuwa kana zaune a kan bulo kana cin gyaɗa, ka zo kallon banza. Sai ka fashe da dariya har kana dukan cinya.

"Bakano," ka ce, "kai da ganinka jirgi ya kawo ka. Mugun shofer ba ya zare ido. Murmushi yake."

Raina ya ɓaci, domin gaskiya ka faɗa, jirgi ne ya kawo ni. Na ce to Badamagare sarkin sani, taso ka nuna mana. Ka karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarka, ka taso. Ka karɓi ƙullin kayan wata tsohuwa da hannu biyu, ka kira ta Inna, ka tambayi lafiyar jikokinta, ka rantse mata cewa motarka ba ta taɓa kwana a hanya ba. Kana yi kana murmushi, idonka kuwa yana kan jakar da ta ɗaure a ƙugu. Telan nan ya cire rawanin da kansa ya miƙa maka, ya ce shi zai koma bakin kekensa. Tun daga ranar Bakano da Badamagare suka ƙulla abota, muna tsokanar juna irin ta kakanninmu, kana cewa mu Kanawa ba mu san rairayi ba sai na gini, ina cewa ku Damagarawa ba ku san birni ba sai da muka nuna muku.

Sharaɗinka ɗaya ne, kuma ya ba ni wahala ba kaɗan ba: duk dabarar da Dambo zai yi, sai ta kasance wadda ake yi da gaske. Idan na ƙago wata daga kaina don ta ba da armashi, sai ka ture takardar ka ce ba haka ake cuta ba. Kai ka koya mini cewa mugun direba yakan cika rabin jarkokin da ya ce na ruwa ne da man fetur na sayarwa, ku kuna ce musu bido, ya ɗaure su can sama inda hannun fasinja ba ya kaiwa. Kai ka nuna mini yadda ake shafa wa tsohuwar taya baƙin mai ta yi sheƙi kamar sabuwa. Kai ka sa muka ɗauki wurin da Dambo yake zuga fasinjoji su bar ayari su tafi su kaɗai, wai don su riga kowa samun aiki. Da kuma wanda ya fi kowanne ciwo, inda yake sauke mutane a gindin wani dutse ya ce zai je ya kawo makaniki, su jira shi, ba zai daɗe ba. Mun ɗauki wannan a bayan gari da hantsi, da motar aro da mutum ashirin 'yan sa kai. Ka juya motar kana ɗaga musu hannu. Ina kallo ta cikin kyamara, na san wasa ne, amma sai da na kau da ido.

Sau ɗaya tak ka gaya mini abin da ya raba ka da tuƙi. Muna cin abincin rana a shagona, ba tare da na tambaya ba, ka ce wata shekara ayarinku ya tarar da mutum goma sha tara a zaune a inuwar bargon da suka kafa da sanduna, kayansu a ɗaure tsaf, suna fuskantar inda sawun taya ya nufa. Babu mai rai. Kuka binne su, ka kawo motar Sabha ka miƙa wa mai ita makulli. Ka ce wanda ya yi abin ka san shi, kun sha shayi tare, mutum ne mai fara'a. Daga nan ka ci gaba da cin abincinka, ni kuwa na kasa.

Kaset ɗinmu suka bi hanyar da mutane ke biyowa, suka koma kudu. Ana nuna su a gidajen kallo na tashoshi, a Agadas, a Damagaram, a Maraɗi, har Daura da Kano. Ba mu yi arziki ba, masu kwafi sun riga mu, kai kuwa ko a jikinka. Kullum cewa kake su kwafa, kwafin ma hanya ce. Waɗansu direbobi suka tsane ka don ka tona asirin sana'a. Direbobin kirki kuwa, kuma su ne suka fi yawa, sukan tsaya a tasha su buɗe jarkokinsu ɗaya bayan ɗaya su ce wa fasinja, zo ka sansana, ni ba Dambo ba ne.

Amma mutanenmu, Allah Ya shirye mu, ba mu iya raba fuska da aiki ba. Ka sha zagi a kasuwa. Wata rana wani magini ya cire takalminsa ya kwaɗa maka a kafaɗa a gaban masu kayan miya. Na zabura zan shiga, ka riƙe ni. Ka tambaye shi ko ya kalli fim ɗin har ƙarshe, ya ce ya kalla, la'ananne. Ka ce to me zai duba kafin ya hau mota in zai koma gida? Yana huci ya lissafa maka: ruwa, taya, ayari. Ka ɗauko takalmin ka miƙa masa, ka ce ashe ba ka sha dukan a banza ba. Mutumin ya tsaya da takalmi a hannu bai san abin da zai yi da shi ba.

Waɗanda suka san ka a fili sun san wani mutum dabam. Ranar Juma'a, ranar hutunka daga gona, a tasha kake wuni. Ka cika buhu da dabinon da Haj Yousef, Balaraben da kake wa aiki a Zighan, yake ba ka rabonka, ka sa kwalbar man kaɗanya a aljihu. Idan mota ta sauke sababbin zuwa, kai ne mai ba su ruwa kaɗan-kaɗan kada su shaƙe, kai ne mai shafa wa tsofaffi mai a ƙafafun da suka kumbura. Ka san wanda ke neman lebura a Gurda, ka san mudir, wato shugaban wurin aiki, da ke riƙe wa ma'aikata takardunsu, ka hana su zuwa wurinsa. Abin dariyar shi ne yawancinsu sun gan ka a kaset kafin su taso. Na ga ƙato da gemunsa ya sauko daga mota da ƙyar, ya ɗaga kai ya gan ka da moɗa a hannu, ya saki salati ya nemi komawa cikin motar. Sai ka cire hularka ka nuna masa sanƙonka, ka ce Dambo yana da rawani, kai kuwa ko gashi ba ka da shi. Haj Yousef da kansa ya gaya mini da Hausarsa ta kasuwa: "Younoussa, shi hau dabino shekara goma, ɗaya bai ɓace. Mutum mai kyau, fim mai mugu."

Mutum ɗaya ce ba ka taɓa yi wa wasa ba, Hajiya Saoudé mai tuwo a bakin kasuwar Gurda. Ɗanta ɗaya namiji ya taso daga Dirku a 2001 zai zo wurinta, motar ba ta iso ba, har yau ba labari. Tun daga nan ba ta ƙara sayar maka da abinci ba. Idan ka gifta ta gaban rumfarta sai ta tofar da yawu ta juya baya. Na ce zan je in yi mata bayani, tsohuwa ce, ba ta san wasan kwaikwayo ba. Ka ce in na kuskura, abotarmu ta ƙare. Kuma ba ka canza hanya ba. Ga hanya ta bayan masallaci wadda ta fi kusa, amma kullum ta gabanta kake bi, kanka a ƙasa. Na ɗauka taurin kan Damagarawa ne, na kuwa faɗa maka haka ba sau ɗaya ba.

Yanzu na zo wurin da alƙalamina yake nauyi. A 2002 wata mota ta ɓace da samari bakwai 'yan unguwarku a Damagaram. Da labari ya tabbata, mutane cikin zafin rai suka rasa inda za su kai fushinsu, sai suka nufi gidan Dambo. Suka jefi ƙofa da duwatsu. Ɗaya ya sami matarka Ouma a goshi. Mubina tana da shekara goma sha shida, 'yan ajinsu suka daina zama kusa da ita. Bayan wata guda wani direba ya kawo maka kaset na murya, irin wasiƙar da muke aikawa gida a lokacin. A shagona muka saurara da la'asar, na rufe ƙofa. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta gaishe ka da ladabi, ta faɗi abin da ya faru, sannan ta ce: "Baba, abu guda nake roƙo. Ka yi fim ɗaya wanda Dambo zai tuba, ya nemi gafarar mutane. Ko ɗaya ne. Mu samu mu fita waje."

Roƙonta bai wuce ƙa'ida ba. Kowa ya san yadda muke yin fim: mugu yakan sha wuya a ƙarshe, ya yi nadama, malam ya yi masa nasiha, masu kallo su tashi da sanyin zuciya. Mu kaɗai ne muka bar Dambo yana tsira da murmushinsa. A take na jawo takarda na ce gobe-goben nan zan rubuta. Ka juya kaset ɗin a hannunka. Sannan ka ce:

"In Dambo ya tuba, gobe su hau motarsa. Duk mugun shofer da na sani ya iya kuka, Rilwanu. Ba zan koya musu su yarda da hawayensa ba."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji naka a ranar ba. Na ce maka ɗiyarka ce, ba fasinja ba. Na ce kana son wasan nan fiye da iyalinka, na ce Dambo ya shige ka har ya zauna. Na faɗi abin da ya fi haka, ba zan rubuta shi ba. Wata huɗu ba mu gaisa ba. Ka aika wa Mubina amsa a kaset, aka dawo maka da shi ba a ko ɓare ledarsa ba. Ka sa ƙanenka ya mayar da su wata unguwa, ka yi abin da za ka iya daga nesa. Ouma ta rasu bayan shekara uku, ba ka samu ka ga gawarta ba. Mubina ta yi aure, ƙanenka ne ya ba da ita. Da aiki ya kawo mijinta Sabha a 2007, na yi murna na ce Allah Ya kawo sulhu har gida. Ta gaya wa maƙwabtanta cewa mahaifinta manomi ne a wani ƙauye. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta faɗi sunanka ba.

Ka ga, Younoussa, ko bayan mun shirya ban taɓa ce maka ka yi daidai ba. Na ci gaba da riƙe kyamara ne kawai. Nakan ga yadda kake rage tafiya idan muka bi ta Abdulkafi, kana duban ƙofofi kamar mai neman gidan haya. Ba ka taɓa ƙwanƙwasawa ba. Ka ce ita ta rufe, ita ke da ikon buɗewa.

Da ciwo ya kwantar da kai, ban nemi izininka ba, na tafi gidanta. Ta tsaya a bayan ƙofa ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Allah Ya ba shi lafiya, Baba Rilwanu." Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma ba ta zo ba. Na dawo asibiti ina tunanin ƙaryar da zan shirya maka, sai ka tambaye ni kai tsaye me ta ce. Na faɗa maka yadda ta faɗa. Fuskarka ta washe, ka ce ashe ta yi maka addu'a. Ka sa na maimaita maka kalmomin sau biyu. Bayan kwana uku ka cika.

An yi maka salla da jama'ar da ban zata ba. Haj Yousef ya aiko da rumfa da kujeru daga Zighan, ya zo da kansa ya tsaya tare da ni a bakin rumfar muna karɓar hannu, Balarabe da Bakano a madadin dangin Badamagare. Da kana nan da ka yi mana dariya. Da liman ya roƙi jama'a duk wanda ka saɓa wa ya yafe maka, sai ga mutane suna ɗaga murya da gaske, wannan ya yafe maka matar da ka bari a gindin dutse, wancan ya yafe maka jarkokin fetur. Na so in tashi in ce jama'a wasa ne, sai na ga hawaye suke yi, na zauna. Kwana biyu ana haka. A ciki kuwa mata suna shigowa, su dubi tabarmar nan, su rasa wa za su cewa ya haƙuri, su gaisa da Sadiƙa a tsaitsaye su nemi wuri.

Abin da ya faru rana ta uku ban gani da idona ba, Sadiƙa ce ta ba ni labari, kuma matan da ke wurin sun tabbatar. Da hantsi Mubina ta shigo, ta rufe fuska da mayafi, ta zauna can bakin ƙofa cikin baƙi. Sadiƙa ta gane ta, ta yi kamar ba ta gane ba. Ana nan sai wata mata mai suna Khadijatu, mai wanki a Gurda, ta fara ba da labari ba don kowa ba. Ta ce shekara huɗu da suka wuce a Dirku ta riga ta hau mota da 'ya'yanta biyu. Direban mai kirki ne ƙwarai, ya ɗauki ƙaramin ya yi masa wasa. Sai ya ce su ba za su jira ayari ba. Ta ce a buɗe mata jarka ɗaya ta gani, ya yi murmushi ya ce Hajiya ba ki yarda da ɗan'uwanki ba? Ta ce wallahi a take ta ga fuskar Dambo. Ta sauko da 'ya'yanta, ana yi mata dariya, ta bar kuɗin motar. Ta yi kwana tara tana jiran wata. Waccan motar ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta ce ba ta taɓa yi maka magana ba, tsoronka take ji, amma ga yaran nan suna makaranta.

Tana rufe baki sai ga Hajiya Saoudé da sandarta. Mata suka dubi juna, domin kowa ya san tsakaninku. Ba ta zauna ba. Ta tsaya a tsakiya ta ce ta zo ne ta faɗa a gaban shaidu, ta yafe wa mutumin nan ɗanta, duniya da lahira.

Sai aka ji murya daga bakin ƙofa. "Inna, bai taɓa ɗanki ba. Bai taɓa ɗan kowa ba. Dabino yake hawa. Mahaifina ne."

Hajiya Saoudé ta juya ta dube ta da kyau. Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Na tsufa, amma ban haukace ba. Wanda ya yi mini abin ban san fuskarsa ba, ban san sunansa ba. Da ban sami inda zan ajiye baƙin cikina ba, da ya kashe ni. Fuskar ubanki na samu. Shekara takwas yana kawo mini ita kullum har gaban rumfata, bai taɓa cewa uffan ba." Ta matsa ta kama hannun Mubina, ta ce, "In ke ce ɗiyarsa, me kike yi a bakin ƙofa? Tashi. Mutane sun kwana biyu da gaisuwa a bakinsu."

Sadiƙa ta ce Mubina ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta tashi, ta cire takalmi, ta ratsa mata, ta zauna a kan tabarmar, ta yaye mayafin daga fuskarta. Sai a lokacin ta yi kuka. Hajiya Saoudé ce ta fara yi mata gaisuwa, sauran suka biyo a layi. Aka aiko aka kira ni. Na tsaya a bakin zaure na yi sallama, na ce Mubina ya haƙuri. Ta ce haƙuri da godiya, Baba Rilwanu. Na ce Allah Ya jiƙan Younoussa. Ta ce amin, da ƙarfi, yadda na ji daga inda nake.

Badamagare, ka ci gardamar nan, ga shi na rubuta da hannuna kowa ya gani. Na so a ce ta zo kana da rai, kuma wannan ciwon ba zai bar ni ba, ba zan yi ƙaryar ya bar ni ba. Amma na fita daga zauren nan zuciyata ta yi sauƙi irin wanda ban ji ba tun ranar da muka saurari kaset ɗin nan.

Ya Allah, ga bawanKa Younoussa ɗan Boukari ya zo gare Ka. Ka fi mu sanin abin da ke ƙarƙashin jan rawanin nan. Ka gafarta masa kurakuransa na gaske, waɗanda mu ba mu sani ba. Ka sanya zagin da ya sha da dukan da ya haɗiye su zame masa kankarar zunubi. Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da baƙi a tasha, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da Ouma a gidan Aljanna. Ka jiƙan ɗan Hajiya Saoudé da mutum goma sha taran nan da duk waɗanda rairayi ya rufe ba a san sunansu ba. Waɗanda ke kan hanya a yau, Ka haɗa su da direbobin kirki, Ka sauke su lafiya. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanensa da sauran dangi a Damagaram, da Haj Yousef da ma'aikatan gonar Zighan, da duk waɗanda suka taɓa tsayawa a gaban kyamarata tare da shi, da jama'ar Nijar da Najeriya mazauna Sabha. A kan gaba kuma, ga Mubina Younoussa, wadda ta ce in rubuta sunanta haka, cikakke, kada in rage komai. Ta wuni a kan tabarmar nan har aka yi addu'ar uku aka naɗe rumfa, kuma duk wadda ta shigo ta tambayi ko wace ce, da bakinta take amsawa: ɗiyar Dambo ce. Allah Ya ba ki haƙuri, ɗiyata, Ya albarkaci bayansa. Amin.